Nazarin Harsunan Gida a Jami'a: Abin da Sikotland Ta Gwada da Abin da ke Gaban Mindif

A yawancin ƙasashen duniya, harshen da ake mulki da shi shi ne harshen karatu a jami'a, sauran harsunan da jama'a ke yi a gida da gona da kasuwa kuwa sai dai su nemi wurin raɓawa a gefe, idan ma sun samu. Sikotland, wato ƙasar da ke arewacin tsibirin Birtaniya, tana cikin wuraren da aka fi daɗewa ana gwada shigar da irin waɗannan harsuna cikin ilimi mai zurfi, domin tun shekarar 1882 Jami'ar Edinbara take da kujerar farfesa ta harsunan Keltik, kuma a 1971 Jami'ar Gilasgo ta buɗe sashe mai zaman kansa na adabin Sikotland. Abin da wannan dogon gwaji ya haifar, da abin da ya kasa haifarwa, ya shafi mutumin Mindif kai tsaye, domin garin nasa, wanda ke gundumar Mayo-Kani ta jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, kimanin kilomita 25 kudu da Marwa, wuri ne da ake jin Fulatanci da Giziga da Mundang da Tupuri da Hausa a rana ɗaya, alhali takardar makaranta da ta kotu da ta asibiti duk da Faransanci ake rubuta su.

Harsunan Keltik dangi ne guda daga cikin babban gidan harsunan Indiya da Turai, kuma shida ne suka rage a yau. Uku daga cikinsu, wato harshen Ailan da Galik na Sikotland da Manks na tsibirin Man, reshe ɗaya ne, sauran ukun kuma, wato harshen Wels da Kornish da Bireton na arewa maso yammacin Faransa, su ne reshe na biyu. Edward Lhuyd ne ya fara nuna dangantakarsu a tsare cikin littafin da ya buga a 1707 bayan ya yi shekaru yana yawo a ƙasashen nasu, sannan wani malamin Jamus, Johann Kaspar Zeuss, ya aza harsashin nazarinsu na zamani da nahawun da ya fitar a 1853, wanda ya gina a kan ƙananan bayanan da malaman addini 'yan Ailan suka rubuta a gefen tsofaffin littattafan Latin, irin yadda malaman zaure ke rubuta ma'anar kalma da ajami a gefen shafin Larabci. Kujerar Edinbara kuwa ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Wani farfesan harshen Girka mai suna John Stuart Blackie ne ya yi shekaru yana tara gudummawar jama'a, har da ta 'yan ƙasar mazauna ƙetare, kafin a naɗa Donald MacKinnon, mutumin tsibirin Kolonse, ya zama farkon wanda ya hau ta. Abin lura shi ne, shekara goma kacal kafin nan, dokar ilimi ta Sikotland ta 1872 ta wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta ba tare da ta ambaci Galik ko sau ɗaya ba, ta yadda aka wayi gari ana karrama harshen a jami'a ana kuma korarsa daga firamare a lokaci guda.

Irin wannan kora tana da wata siffa da dattawan da suka yi makarantar Faransa ba za su kasa ganewa ba. A makarantun yankin masu harshen Bireton an yi amfani da wata alama da ake kira sambol, wadda kan kasance ɗan katako ko tsohon takalmin itace, ana rataya ta a wuyan yaron da aka ji ya yi harshen gida, shi kuma sai ya kasa kunne har ya kama wani yaron ya miƙa masa, wanda aka tashi makaranta tana wuyansa shi ke shan hukunci. Dabarar nan ita ce Faransa ta kai makarantunta na Afirka, kuma a Kamaru, tun farkon shekarun 1920, hukumar mulkin mallaka ta ƙa'ide cewa makarantar da take koyarwa da Faransanci kaɗai za ta amince da ita. Mugun abin da ke cikin sambol shi ne, ba malami ne ke farautar harshen ba, yaran ne da kansu aka mai da su masu gadin juna. A Najeriya ta Arewa an bi wata hanya dabam, inda Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubutun littattafai ta 1933, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma wannan bambanci ne ya sa Hausa ta riga Fulatancin Kamaru samun ɗab'i da manhaja da shekaru masu yawa.

Ɗalibin da ya shiga sashen Keltik yakan fara ne da koyon harshen kansa, na zamani da na dā, sannan ya shiga nahawu da tarihin sautuka da karanta rubuce-rubucen hannu. Akwai wani abu a nahawun waɗannan harsuna da yake ba Bature mai Ingilishi wahala ƙwarai, amma ɗan Mindif zai gane shi nan take, shi ne sauyin baƙin farko, wato yadda harafin da kalma ta fara da shi yake canzawa gwargwadon matsayinta a jimla. A harshen Wels ana kiran kyanwa cath, amma kyanwarsa ita ce ei gath, kyanwarta ei chath, kyanwata kuma fy nghath. A Fulatanci ma haka lamarin yake, domin mutum ɗaya Pullo ne, jam'insa Fulɓe, namiji gorko ne, maza worɓe, mace debbo, mata rewɓe, kuma ko a aikatau ana cewa o wari idan mutum ɗaya ya zo, ɓe ngari idan da yawa suka zo. Wannan kamanni ba ya nufin akwai dangantaka ta asali tsakanin harsunan biyu, domin Fulatanci na reshen Atlantika ne na gidan Neja-Kwango, danginsa na kusa suna can Senegal. Kowannensu ya kai ga wannan tsari ne ta hanyarsa. Sai dai matsalar da tsarin ke haifarwa iri ɗaya ce, domin mai koyo ba zai iya samun kalma a ƙamus ba sai ya san asalin baƙin da ta fara da shi, kuma a Fulatanci ga ƙarin nauyin azuzuwan suna sama da 20, kowanne da irin ɗafinsa. Mai harshe yana yin duk waɗannan sauye-sauye ba tare da ya yi tunani ba, amma bayyana ƙa'idarsu ga wani aiki ne dabam, kuma wannan bayyanawar ita ce abin da jami'a ke koyarwa, shi ya sa iya magana da harshe bai wadatar ba wajen zama malaminsa.

Ta fuskar adabi kuwa, tambayar da ta daɗe tana damun malaman Sikotland ita ce wane rubutu ne ya cancanci a kira shi nasu, tun da adabin ƙasar da harsuna uku aka yi shi. Akwai na Galik, wanda Sorley MacLean ya ɗaukaka a ƙarni na 20; akwai na harshen Sikots, ɗan'uwan Ingilishi na kusa, wanda Robert Burns, da ya rayu daga 1759 zuwa 1796, ya yi mafi shaharar waƙoƙinsa da shi; sannan akwai na Ingilishi, wanda Walter Scott ya rubuta ƙagaggun labaransa da shi. Shekaru da dama ana koyar da na Ingilishin a matsayin wani ɓangare na adabin Ingila, ana barin na Galik ga masu nazarin Keltik, na Sikots kuma ya rasa mai shi, har sai da aka yarda cewa ƙasa ɗaya ce ta haifi dukansu, kuma ba a fahimtar ɗaya sai an dubi sauran. Arewacin Kamaru yana da irin wannan rarrabuwa. Akwai waƙoƙin wa'azi da na yabon Annabi da aka rubuta da ajamin Fulatanci, bisa turbar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka bi, wadda ta iso yankin tare da tutar da aka ba Modibbo Adama a 1809. Akwai mbooku, wato dogayen waƙoƙin baka na Fulanin yankin Diyamare da maza ke rerawa a ƙungiya kan tarihi da yaƙi da halayen zamani. Akwai tatsuniyoyi da kirarin Giziga da Tupuri da Mundang. Sannan akwai littattafan Faransanci irin na Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, wadda labarinta kan auren dole da zaman kishi ya ci kyautar Gonkur ta ɗaliban sakandare a 2020. Idan aka raba waɗannan tsakanin sashen Larabci da na Faransanci da na kimiyyar harshe, kowane sashe zai riƙe guntunsa, kuma ba za a samu wanda zai lura cewa haƙurin da malamin ajami yake yi wa mata wa'azi da shi shi ne abin da marubuciyar Faransancin take tuhuma ba.

Babban abin da Sikotland ta koya da wahala shi ne amanar mai tattara adabin baka. A shekarun 1760 wani matashi mai suna James Macpherson ya buga wasu dogayen waƙoƙi da Ingilishi, ya ce fassara ce ta waƙoƙin wani tsohon mawaƙin Galik mai suna Ossian, kuma suka yi tashe a Turai baki ɗaya. Da aka nemi ya kawo asalin rubutun ya kasa gamsar da masu tambaya, kuma binciken da wata ƙungiyar mutanen tsaunukan Sikotland ta fitar a 1805 ya nuna cewa ya yi amfani da waƙoƙi na gaske, amma ya sassauya su, ya haɗa wasu da wasu, ya kuma ƙara nasa mai yawa. Illar wannan ta daɗe, domin ta sa an riƙa zargin har waƙoƙin da ba su da wani aibi. Shi ya sa John Francis Campbell, da ya buga tatsuniyoyin yammacin tsaunuka tsakanin 1860 da 1862, ya dage kan kawo labarin da Galik yadda aka faɗe shi, tare da sunan wanda ya faɗa da garinsu. A 1951 Jami'ar Edinbara ta kafa Makarantar Nazarin Sikotland, inda masu bincike irin su Calum Maclean da Hamish Henderson suka riƙa ɗaukar rikoda mai nauyi suna bin ƙauyuka da tsibirai, suna ɗaukar muryar masunta da manoma da matafiya, kuma a yau an ɗora dubban waɗannan faya-fayai a intanet, inda jikokin masu maganar ke iya saurarensu.

Arewacin Kamaru bai rasa masu irin wannan aiki ba. Eldridge Mohammadou, masanin tarihi ɗan Garwa da ya rasu a 2004, ya shafe shekaru yana bin fadojin lamiɗai yana ɗaukar tarihin baka, kuma a littattafansa kan Marwa da Pette da Rai Buba da Garwa yakan kawo maganar da Fulatanci tare da fassararta ta Faransanci, domin mai shakka ya duba da kansa. Paul Kazuhisa Eguchi, wani masani ɗan Japan, ya tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin mbooku a Marwa. Dominique Noye, limamin Katolika da ya daɗe a yankin, ya bar ƙamusun Fulatancin Diyamare da aka buga a 1989. Ursula Baumgardt ta ware littafi guda a 2000 ga tatsuniyoyin mace ɗaya, Goggo Addi ta Garwa. Henry Tourneux da Yaya Daïrou kuma suka fitar da ƙamusun noma da muhalli a 1998. Wannan na ƙarshe ya cancanci a ɗan dakata a kansa, domin shi ya fi nuna cewa nazarin harshe ba ado ba ne. Manomin Mindif da ke dasa muskuwaari, wato dawar rani da 'yan Borno ke kira masakwa, a kan ƙasar laka mai suna karal bayan ruwan damina ya janye, yana da sunaye dabam-dabam na irin ƙasa da irin dawa da irin ciyawar da ke nuna ƙarfin gona, kuma malamin gona da bai san waɗannan sunaye ba zai yi ta bayani da Faransanci ba tare da ya san cewa manomin ya riga ya rarrabe abin da shi yake ɗauka abu ɗaya ne ba. Abin takaici shi ne mafi yawan waɗannan ayyuka a Faris da Tokiyo aka buga su, da tsada, ta yadda sun fi sauƙin samuwa ga ɗalibin Turai fiye da ɗalibin da a unguwarsu aka ɗauki maganar.

A nan ne kuma kamannin ƙasashen biyu yake yankewa, kuma wanda bai lura da wannan ba zai ɗauki darasin a baibai. Galik harshe ne mai ja da baya a gaban Ingilishi. Fulatanci kuwa a arewacin Kamaru ba ja da baya yake yi ba, shi ne harshen kasuwa da tasha da wa'azi tun daga Ngaundare har Marwa, kuma miliyoyin waɗanda ba Fulani ba suna yin sa. Harsunan da ke cikin hali irin na Galik su ne ƙananan harsunan yankin, kuma abin da ke cinye su a ƙauye galibi Fulatanci ne, ba Faransanci ba, kamar yadda Hausa ke cinye ƙananan harsunan Bauci da Filato. Da yawa daga cikinsu, irin su Giziga da Mafa da Mofu da Musgum da Wandala, na gidan harsunan Cadi ne, wato dangin Hausa na jini, gidan da ya ƙunshi harsuna kimanin 150. Ana ganin alamar wannan zumunci a ƙidaya, domin abin da Bahaushe ke kira huɗu, ko fuɗu, Bagizige yana cewa mufaɗ, mutumin Mafa faɗ, na Musgum kuma puɗu. Ke nan malamin Hausa a Kano ko Sakkwato da ke son sanin yadda harshensa yake kafin a fara rubuta shi yana da hujja mai ƙarfi a waɗannan harsuna na duwatsun Mandara da filayen Diyamare, kamar yadda Zeuss bai iya gane tsohon tsarin Keltik ba sai da ya jera 'yan'uwan gefe da gefe.

Misalin Zumaya ya isa ya nuna abin da ake gudu. Zumaya al'umma ce da ta zauna a filayen Diyamare, ba nisa da Mindif, kafin Fulani su kafa mulkinsu a ƙarni na 19. An ci su da yaƙi, zuriyarsu ta narke cikin Fulani, harshensu na gidan Cadi kuma ya mutu, bai bar komai a rubuce ba sai 'yan kalmomin da masu bincike suka tsinta daga bakin tsofaffi, duk da ƙoƙarin da wani mai bincike, Christian Seignobos, ya yi na bin diddigin tarihinsu. A tsibirin Man ma an kai ga irin wannan gaɓa, domin Ned Maddrell, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya tashi da Manks a baki, ya rasu a 1974. Bambancin shi ne Hukumar Adabin Gargajiya ta Ailan ta aika da na'ura a 1948 aka ɗauki muryar tsofaffin da suka rage, kuma da waɗannan faya-fayai da tsofaffin littattafai aka farfaɗo da harshen har aka buɗe firamaren da ke koyarwa da shi a 2001. Tazarar da ke tsakanin harshen da za a iya tayarwa da wanda ya tafi ke nan ba ta wuce 'yan makonnin aiki na mutum ɗaya mai rikoda, idan ya zo kafin tsofaffin su ƙare.

Ta fuskar doka da hukumomi, Kamaru mai harsuna sama da 250 ta yi wasu shirye-shirye. An amince da haruffan bai-ɗaya na rubuta harsunan ƙasar a 1979, Maurice Tadadjeu ya fara gwajin koyar da yara da harshen gida a 1981, kundin tsarin mulki na 1996 ya ɗora wa gwamnati kare harsunan ƙasa da bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ta maimaita hakan, kuma a 2008 aka buɗe sashen harsuna da al'adun Kamaru a babbar kwalejin horon malamai ta Yawunde. A wannan shekarar ce aka kafa Jami'ar Marwa, bayan ta Ngaundare da aka kafa a 1993, ta Garwa kuma ta biyo baya a 2022, saboda haka ɗan Mindif ba ya bukatar ƙetare rabin ƙasa kafin ya yi digiri. Amma alƙaluman Sikotland gargaɗi ne ga mai zaton kafa sashe a jami'a ya isa, domin a ƙidayar 1891 masu Galik sun haura dubu 250, a ta 2011 kuwa ba su wuce dubu 57 da 'yan kai ba, alhali duk tsawon lokacin kujerar Edinbara tana nan. Abin da ya fara rage gudun faɗuwar shi ne kwalejin Sabhal Mòr Ostaig da aka fara a wani tsohon ginin gona a tsibirin Sikai a 1973, wadda da Galik take koyarwa, da azuzuwan firamare na Galik da aka buɗe a Gilasgo da Inbanes a 1985, da dokar harshen ta 2005, da tashar talabijin ta BBC Alba ta 2008, domin waɗannan ne suka samar wa mai digirin harshen aikin malanta da fassara da jarida. Ko da haka, ƙidayar 2022 ta nuna masu koyo suna ƙaruwa a birane, amma a tsibiran yamma, inda nan ne gidan harshen, masu yin sa sun koma ƙasa da rabin jama'a.

Tambayar da iyaye ke yi wa ɗan da ya ce zai karanta harshen gida, wato wane aiki zai yi da shi, tambaya ce mai hujja, kuma amsarta a Kamaru tana rataye ne a kan ko za a riƙa ɗaukar malaman harsunan ƙasa aiki a makarantu, da ko asibiti da kotu da gidan rediyo za su biya mai fassara da ya samu horo maimakon su kira duk wanda ke kusa. Akwai kuma batun harshen da ake rubuta binciken da shi. A Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an daɗe ana rubuta kundin digiri da Hausa kan Hausa, wanda hakan ya tilasta ƙirƙiro kalmomin nahawu da na tarke, ya kuma sa mawaƙin da aka yi nazari a kansa zai iya sa a karanta masa abin da aka ce game da shi. Ɗalibin Marwa da ya je Mindif ya ɗauki tatsuniyar wata tsohuwa Bagiziga yakan yi mata tambayoyin da Fulatanci, ya rubuta sharhinsa da Faransanci, don haka ya zama wajibi, ko ba komai, ya ajiye asalin muryar da asalin kalmomin Gizigar tare da ranar ɗauka da wurin, ya kuma bar kwafi a ɗakin karatun jami'ar da wajen iyalin tsohuwar.